Muƙami da Mutunci: Shugabancin Ikilisiyar Farko a Kewayen Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa an daɗe da sanin shugabanci iri biyu. Akwai na rawani, wanda sarki kan naɗa wa mutum a rana ɗaya, ya kuma iya tuɓe shi a rana ɗaya. Akwai kuma irin na malamin zaure, wanda ba wanda ya naɗa shi, sai dai yawan almajirai da shaidar maƙwabta su ne suka ɗaukaka shi sannu a hankali, har ya kai sarki ma kan ji nauyinsa. A cikin wannan takarda za a kira na farko muƙami, na biyu kuwa mutunci.

Manufar takardar ita ce ta duba yadda waɗannan biyu suka yi ta ja-in-ja a tsakanin shugabannin Kiristocin farko na Kano, daga 1900 zuwa 1954. Za a nuna cewa mai babban muƙami ya zo Kano bai sami wurin zama ba, alhali kuwa akawuna da ma'aikatan da jirgin ƙasa ya sauke, waɗanda ba su da wani naɗi, su ne suka kafa ikilisiya a Fagge da Sabon Gari. Za a kuma nuna cewa akwai iko na uku da ya fi ƙarfin duka biyun, watau iznin gwamnatin mulkin mallaka, wadda ta shata wa kowa iyakar inda zai tsaya. Kafin a shiga Kano, ya kamata a ɗan waiwayi ikilisiyar ƙarnonin farko, domin a can ne matsalar ta fara bayyana, kuma 'yan mishan ɗin da za mu ambata duk sun karanta tarihinta.

2.0 Yadda Matsalar ta Faro

Bulus ba ya cikin almajirai goma sha biyu da suka zauna da Annabi Isa. Saboda haka tun farko aka yi ta tambayar wa ya aiko shi. A wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa ya ba da labarin ganawarsa a Urushalima da Yakubu da Bitrus da Yohanna, waɗanda jama'a ta ɗauka su ne ginshiƙai, sa'an nan ya ba da labarin yadda ya tsauta wa Bitrus a bainar jama'a a Antakiya a kan batun cin abinci tare da waɗanda ba Yahudawa ba. Ke nan yana neman amincewar masu suna, amma bai yarda sunansu ya ɗaure shi ba.

Da manzanni suka ƙare, sai masu wa'azi masu yawo suka yi yawa a kan hanyoyin daular Rum, aka rasa yadda za a bambance na kirki da mai neman abinci. Wani ɗan littafi na ƙarshen ƙarni na ɗaya, mai suna Didake, ya kafa ƙa'idar cewa a sauki irin wannan baƙo kwana ɗaya ko biyu, in ya zarce, ko ya nemi kuɗi, to, a sani maƙaryaci ne. Takardar shaida daga ikilisiyar da mutum ya fito ita ma ta zama al'ada. A wajen shekara ta 96 ikilisiyar Rum ta rubuta wa ta Koranti tana zarginta da tuɓe dattawan da ba su yi laifi ba, kuma a farkon ƙarni na biyu Ignatiyus na Antakiya ya dage a kan cewa kowane gari ya bi bishop guda.

Misalin da ya fi kusa da mu na Afirka ta Arewa ne. Siprian ya zama bishop na Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, a wajen 248. Da Sarki Desiyus ya tsananta wa Kirista a 250, sai Siprian ya ɓuya. Waɗanda suka sha ɗauri da azaba ba su yi ridda ba, mutuncinsu ya hau ƙwarai, har suka shiga ba waɗanda suka yi ridda takardun gafara ba tare da sanin bishop ba. Taron bishop-bishop na 251 ya mayar da wannan iko hannun masu muƙami. Duk da haka bakin masu suka bai mutu sarai ba sai da aka sare kan Siprian a 258. Abubuwa uku ke nan muka samu: baƙo yana bukatar mai shaidarsa, muƙami yana neman tsari, wahala kuma tana saya wa mutum girman da naɗi ba ya bayarwa.

3.0 Gadon Rikicin Kwara

Waɗanda suka nufo Kano a 1900 sun taso ne daga wata ikilisiya da ba ta daɗe da fita daga irin wannan rikici ba. A 1864 aka naɗa Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe wanda aka 'yanto daga jirgin bayi yana yaro, ya zama bishop na farko baƙar fata a ɗariƙar Angalika. Ya shekara fiye da ashirin yana shugabancin aikin mishan a bakin Kwara, ya kuma sami mutunci har a wurin sarakunan Musulmi, musamman Etsu Masaba na Bida.

A 1890 waɗansu samarin Turawa na ƙungiyar mishan ta C.M.S., cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, suka iso Lakwaja da burin shiga ƙasar Hausa. Suka ɗauki tufafin Hausawa, suka kuma shiga zargin limaman Crowther da sakaci da rashin tsarki. A wani zama da aka yi a Anaca cikin watan Agusta na wannan shekara aka dakatar da limamai a gaban idon tsohon bishop ɗin, har da ɗansa Dandeson. Muƙamin yana hannun Crowther, amma kuɗi da kunnen hedkwata a Landan suna hannun samarin. Da aka ɓata sunan mataimakansa, sai muƙamin ya zama fanko. Ya rasu ranar 31 ga Disamba 1891, kuma ba a sake ba wani ɗan Afirka cikakken riƙon dayosis ɗin Angalika a Nijeriya ba sai a shekarun 1950.

Wannan ya haifar da abu biyu da suka shafi Kano daga baya. Na ɗaya, aikin ƙasar Hausa ya zama na Turawa zalla a matakin shugabanci. Na biyu, Kiristocin Ikko da yawa sun ɓalle sun kafa ikilisiyoyin kansu a 1891 da 1901, ga shi kuma daga Ikko da kewayenta ne ma'aikatan jirgi za su fito.

4.0 Bishop a Fadar Kano

Wanda ya riƙe dayosis ɗin tun 1894 shi ne Bishop Herbert Tugwell. A farkon 1900, daidai lokacin da Gwamna Lugga ya yi shelar mulkin Ingila a Lakwaja amma bai ci ko ɗaya daga manyan biranen Hausa ba tukuna, Tugwell ya taso daga Ikko da mutum huɗu: Likita Walter Miller, da A.E. Richardson, da Dudley Ryder, da J.R. Burgin. Waɗansunsu sun riga sun koyi Hausa a Tarabulus a wurin Hausawan da ke can. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da sakin fuska, amma da suka iso Kano cikin watan Afrilu, Sarki Alu Babba ya ƙi ba su wurin zama, ya umurce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku, kudu da Zariya, inda Ryder ya rasu.

In an duba da idon fada, hukuncin Sarki ba abin mamaki ba ne. Baƙo a Kano ta hannun mai masauki yake shiga, shi ne zai tsaya masa, ya shaide shi a kasuwa da fada, kuma aikin da fatomomin Fagge suka daɗe suna yi wa ayarin Azbinawa da sauran fatake ke nan. Baƙo mai babbar bukata kuwa, da takardar Sarkin Musulmi ya kamata ya zo. Tugwell ba shi da ko ɗaya. Takardar naɗinsa daga Kantabari take, ba kuwa wanda ya san Kantabari a Gidan Rumfa. Bugu da ƙari, labarin sojan Turawa da ke bakin Kwara ya riga shi isowa, don haka da wuya a raba shi da su.

Bayan an ci Kano a Fabrairu 1903 ma ƙofar ba ta buɗe ba. A watan Maris Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin jama'a ba, kuma gwamnoni da razdan-razdan da suka biyo baya suka fassara alkawarin da cewa ba za a bar mishan ta zauna a ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka ajiye rigar mishan sun sami shigar da bishop ya rasa. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, da C.M.S. ya zo, daga baya ya koma aikin gwamnati, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Haka ma G.P. Bargery, mai ƙamus ɗin 1934, daga mishan ya koma Ma'aikatar Ilmi.

5.0 Ikilisiyar da Jirgi ya Kawo

Layin dogo daga Baro ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. An gina tashar a wajen ganuwa, ta gabas, daura da Fagge. Cinikin gyaɗa ya bunƙasa nan da nan, kamfanoni suka kafa kantuna, kuma reluwe da gidan waya da ofisoshin gwamnati duk suka bukaci masu ilmin boko. Sai ga akawuna da direbobi da kafintoci da teloli daga ƙasar Yarabawa, da Saliyo, da Gwalkwas, watau Ghana ta yau. A 1913 aka yanka musu Sabon Gari, wadda ta zauna ƙarƙashin majistare Bature, ba ta koma hannun En'e ba sai a 1940.

Da yawa daga waɗannan ma'aikata Kirista ne tun daga gida. Dokar da ta hana mishan yin wa'azi a cikin birni ba ta hana ma'aikacin gwamnati yin ibadarsa a unguwar baƙi ba. Ta haka aka sami taron addu'a na ranar Lahadi, daga nan aka tara kuɗi aka yi gini, aka buɗe makaranta saboda 'ya'ya. Majami'ar Holy Trinity, wadda daga baya ta zama babbar majami'ar Angalika ta Kano, a cikin wannan yanayi ta taso, haka ma majami'un Baftis da Metodis da Katolika da na ikilisiyoyin da suka ɓalle a Ikko.

Su wane ne shugabanni a nan? Bisa tsarin Angalika, limamin da aka naɗa ne kaɗai ke ba da jibi, bishop kaɗai ke tabbatar da sababbin membobi. Amma bishop yana Ikko, nisan mil ɗari bakwai, sai jirgi ya kawo shi ya kwana biyu ya koma, ga shi Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Karatun addu'a, da tara baiko, da biyan malamin makaranta, da sulhunta ma'aurata, da binne mamaci, duk suna wuyan mai bishara da dattawan kwamiti. Dattijon da ya fi ƙarfin faɗa a ji kuwa sau da yawa shi ne babban akawu, domin shi ne ke tarbar sabon zuwa a tasha, ya sauke shi a gidansa, ya duba takardar shaidar da ya zo da ita daga majami'ar garinsu, ya kuma nema masa aiki. Watau aikin fatoma yake yi, kuma matsalar da yake warwarewa ita ce dai wadda Didake ya fuskanta: yaya za a san baƙon da hanya ta kawo?

Irin wannan shugabanci yana da rauni biyu. Na farko, ma'aikaci ba shi da tabbacin zama, takarda ɗaya daga ofis tana iya mayar da shi Minna ko Kafanchan. Tun da mutane na sauyawa, abin da ya zauna daram shi ne harshe da garin asali. Da layin dogo na gabas ya haɗe da na arewa a ƙarshen shekarun 1920, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, Ibo suka yawaita, har Angalikansu suka sami majami'ar kansu, ta St. Stephen, Holy Trinity kuwa ta fi zama ta Yarabawa. Rauni na biyu, in mutunci ne ke ba da shugabanci, to, duk wanda jama'a ta shaida da baiwa yana iya jan ta. Ƙungiyar Kerubim da Serafim ta 1925, da farkawar 1930 ta Joseph Ayo Babalola, wanda direban injin daɓen hanya ne kafin ya fara wa'azi, sun kawo shugabannin da hujjarsu mafarki ne da addu'ar warkarwa. Waɗannan ikilisiyoyi na Aladura su ma layin dogo suka biyo har Sabon Gari.

6.0 Likita Mila da Isawa

Ikilisiyar Sabon Gari ba da Hausa take ibada ba, kuma ba ta da hanyar kutsawa cikin birni. Kiristocin Hausa na farko ta Zariya suka fito, kuma a can ma mutunci ne ya yi aiki. Miller, wanda Zagezagi ke kira Likita Mila, a matsayin likita ya zo, bai kuma taɓa zama bishop ba. Ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da makaranta, ya kuma iya Hausa iyawar da ba Baturen zamaninsa da ya yi.

Mafi yawan waɗanda suka karɓi addinin a hannunsa a farko, sunan wani malamin Kano ne ya kawo su. Kamar yadda riwaya ta nuna, Malam Ibrahim ya riƙa koyar da almajiransa fifikon Annabi Isa daga abin da ya karanta cikin Alƙur'ani, har aka kashe shi a Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu wajen Ningi da ƙauyukan Zazzau. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Miller, aka tara su a Gimi ƙarƙashin kulawar W.A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, kafin ciwon barci ya tarwatsa garin. Ke nan malamin da ba shi da rawani, wanda ya daɗe a kabari, ya buɗe wa C.M.S. ƙofar da bishop bai iya buɗewa ba.

Sai dai mutuncin Miller bai zama iko ba. Rahotannin da ya riƙa kai wa gwamnati a kan Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi suna daga cikin abin da ya kai ga tuɓe Sarkin a wajen 1920, wannan kuwa ya sa sarakuna da razdan-razdan suka ƙara ɗari-ɗari da shi. A 1929 C.M.S. ta yarda ta fitar da aikinta daga birni zuwa Wusasa, ba da son ransa ba. Ya komo Kano, ya duƙufa a kan fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito da Hausa a 1932. A 1935 ya bar ƙungiyar, ya rasu a 1952. Makarantar da ya kafa ta ba Arewa mutane irin su Likita R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Abin lura ne cewa a asibiti da adabi da siyasa waɗannan suka yi suna, shugabancin ɗariƙa kuwa yana hannun waɗansu.

7.0 Mutuncin Asibiti

Ƙungiyar S.I.M. ta bi wata hanya dabam. Mutanenta uku na farko sun sauka Ikko a 1893, biyu suka rasu a 1894, Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya tsira. Sai bayan shekara arba'in, a 1933, zamanin Gwamna Cameron da Sarki Abdullahi Bayero, ta sami zama a Kano. A ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa mata asibitin kutare na Yadakunya, a 1943 kuma ta buɗe asibitin ido. A nan En'e da gwamnati ne suka ba da izni, aikin magani kuma ya jawo mutunci a wurin Kanawan da ba su taɓa taka majami'a ba. A kewayen waɗannan asibitoci ne aka sami masu bishara masu jin Hausa, waɗanda suka riƙa shiga ƙauyukan Maguzawa. A 1954 ikilisiyoyin S.I.M. suka haɗu suka zama E.C.W.A. A wannan shekara ce kuma Angalika ta kafa dayosis ɗin Arewa, bishop ɗinsa na farko Bature, John Mort, wanda ya gaje shi a 1970 kuma Festus Segun, daga kudu. Kano ba ta sami dayosis nata ba sai a 1980, shekara tamanin bayan zuwan Tugwell.

8.0 Kammalawa

A ikilisiyar ƙarnonin farko, muƙami da mutunci sun yi jayayya a cikin gari ɗaya, a gaban jama'a ɗaya, har suka daidaita. A Kano kuwa an raba su da wuri da harshe: muƙami yana Landan da Ikko, mutunci yana Sabon Gari da Zariya da Yadakunya, izni yana ofishin Razdan. Wannan ne ya sa ikilisiyar ta girma ba tare da shugabanta ya zama wanda birni ya sani ba, ya kuma sa aka daɗe ana yi wa addinin kallon na baƙi, ko da yake akwai Hausawa a cikinsa tun kafin 1920. Rikicin Oktoba 1982 a kan sabon ginin majami'ar Angalika ta Fagge, wanda Akbishop na Kantabari Robert Runcie ya aza harsashinsa a wannan shekara, yana da dalilai da yawa, amma wannan tsohon kallo yana cikinsu.

Akwai aiki a gaban masu nazarin tarihi. Takardun ƙungiyoyin mishan masu muƙami ne suka rubuta su, don haka bishop da likita suka cika shafukansu. Wanda yake son ganin akawu da mai bishara da matan zumunta, sai ya nemi littattafan baftisma da na aure da na zaman kwamiti a majami'un Fagge da Sabon Gari, ya haɗa su da takardun lardin Kano da ke ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, ya kuma zauna da jikokin waɗannan mutane. Kwalejojin ilmi na iya ba ɗalibansu wannan aiki a matsayin kundin kammala karatu, majami'a ɗaya ga ɗalibi ɗaya, tun gara da damina ba su cinye takardun ba.